Ɗalibin Maraɗi a Ƙasar Bakin Teku: Zaman Baƙin Ilmi a Zangon Agege

Tun daga zamanin da malaman farko suka shimfiɗa buzayensu a Gobarau da Madabo har zuwa kwanakin kakanninmu, ɗalibin ƙasar Hausa idan ya rataya gafaka ya yi sallama da mahaifansa, gabas yake fuskanta, ko dai Barno domin hardar Alƙur'ani da kyautata rubutunsa, ko Kano da Zariya domin fiƙihu da nahawu, ko kuwa Masar da Hijaz ga wanda Allah ya hore wa guzuri da tsawon rai. Kudu, wadda muke kira kurmi, hanyar fatake ce da masu cin rani. A je a sayo goro, a sayar da dabba, a dawo kafin damina ta sauka. Amma ga shi a zamaninmu an samu samari daga Jamhuriyar Nijar, ƙasar da ba ta da ko taku ɗaya na gaɓar teku, suna ƙetare iyaka su yi tafiyar da ta haura kilomita 1,000 zuwa Ikko, ba da nufin fatauci ba, sai domin su zauna a aji su koyi Larabci a hannun malaman Yarabawa. Al'amarin waɗannan samari ya cancanci a tsaya a dube shi da idon basira, gama a cikinsa akwai tarihin zumuncin musulmin Afirka ta Yamma, akwai kuma wata wahala da ba kowa ke ganinta ba.

Wajibi ne a fara da bayanin abin da ya sa Bahaushe idan ya sauka Agege ba ya rasa wanda zai amsa masa sallama da harshensa. Zaman Hausawa a Ikko ya girmi Nijeriya kanta. A shekarar 1863 Kyaftin John Glover ya tara Hausawa ya kafa ƙaramar rundunar da ake lissafawa a matsayin tushen sojan ƙasar nan, kuma zuriyar irin waɗannan sojoji na cikin waɗanda suka raya unguwar Obalende. Amma Agege dai goro da jirgin ƙasa suka gina ta. Layin dogo ya haɗa Ikko da Ibadan a 1901, ya ratsa ta Agege, sa'an nan aka buɗe shi har Kano a 1912. A daidai wannan lokaci kuma manoman yankin, waɗanda suka fara da koko, suka dukufa ga dashen goron da a dā sai an yi watanni a hanyar Gwanja kafin a samo shi. Da goro ya matso bakin tasha, sai fatake suka biyo shi, matan Yarabawa suna ɓarewa suna wankewa, Hausawa suna zaɓe suna ɗaure huhu ana loda wa jirgi zuwa arewa. Daga masaukin fatake aka samu Zango, daga Zango aka samu masallatai da makarantun allo da sarautar Sarkin Hausawa, daga baya kuma mayankar Oko-Oba ta jawo mahauta da dillalan shanu, har ya zama akwai gidajen da a yau jikoki da tattaɓa kunne ne a cikinsu, an haife su a Agege, suna jin Yarabanci tamkar Hausa.

Abu na biyu da ya ɗaukaka sunan Agege a wurin ma'abota ilmi shi ne Markazu Ta'alimil Arabi wal Islami, wadda Shaihu Adamu Abdullahi al-Iluri, Allah ya jiƙansa, ya assasa a Abeokuta a 1952, ya kuma mayar da ita Agege a tsakiyar shekarun 1950. Shi kansa Shaihun ɗan tafarki ne tun daga haihuwa, domin a 1917 aka haife shi a Wasa, kusa da Zugu cikin ƙasar Dahomi, garin da ayarin Gwanja ya saba yada zango a cikinsa. Cikin malaman da suka fi tasiri a kansa akwai Shaihu Adamu Nama'aji, mutumin Kano. Kuma a 1946 ya yi rihlarsa zuwa Masar, ya ga yadda ake tafiyar da karatu a Azhar, ya dawo da azamar cewa Larabci ma ana iya koyar da shi da aji da allon bango da manhaja da jarrabawa da shahada, a ƙayyade wa ɗalibi shekarun da zai gama, maimakon ya tsufa a zaure yana bin littafi ɗaya bayan ɗaya. Ya wallafa littattafai masu yawa, ciki har da wanda ya yi a kan tarihin Musulunci a Nijeriya da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ya rasu a 1992, ɗansa Shaihu Habibullahi ya gaje shi a shugabancin makarantar. Almajiransa sun bazu sun kafa nasu makarantu a kan tsarinsa, kamar Darud Da'awa wal Irshad ta Shaihu Mustafa Zuglul a Isolo, wasu kuma sun shiga jami'o'i sun yi fice, kamar Farfesa Ishaƙ Oloyede wanda ya shugabanci Jami'ar Ilori. Tun da wuri ɗalibai daga Benin da Togo da Gana suka san hanyar wannan makaranta, saboda haka baƙo daga wata ƙasa ba sabon abu ba ne a azuzuwan wannan yanki.

Saurayin da zan ba da labarinsa, wanda ba zan ambaci sunansa ba, mutumin wani ƙauye ne a kudancin Maraɗi, yana karatu a ɗaya daga cikin makarantun nizamiyya na wannan nahiya. Ya sauke Alƙur'ani a gida, ya karanta Ahalari da Ishmawi da Iziyya a gaban limamin garinsu, ya shiga Risala, ya kuma taɓa 'yan shekaru a makarantar gwamnati inda ya tsinci Faransanci gwargwadon karanta wasiƙa. Abin da ya dame shi, wanda kuma yake damun da yawa daga ɗaliban zaure, shi ne yana iya fassara baƙi kalma bayan kalma, amma idan aka ce ya miƙe ya yi jawabi na minti biyar da Larabci, ko ya rubuta wasiƙa da shi, sai harshe ya ɗaure. Akwai Jami'ar Musulunci a Sayi, kusa da Yamai, amma ƙofarta tana buƙatar shahadar da ba shi da ita. Yana da kawu kuwa a Agege, dillalin goro da raguna, wanda yakan zo gida shekara-shekara yana ba da labarin yaran Yarabawa da ke hawa mumbari suna zuba huɗuba da Larabci ba tare da takarda ba. Wannan labari ne ya ɗaga shi.

Ya fito ta Ɗan Isa ya ƙetare zuwa Jibiya, inda ya canza 'yan kuɗinsa na sefa zuwa naira, ya kuma fara karo da abin da ke rikita duk ɗan Nijar a makon farko, wato lissafi. Domin a can da dala ake ƙirga kuɗi, mutum ya ce ɗari alhali sefa 500 yake nufi, a nan kuwa ɗari ɗari ce. Daga Katsina bai shiga motar fasinja ba, saboda guzurin bai kai ba. Kawun ya haɗa shi da direban wata tirela mai ɗauke da dabbobi, ya hau can sama kan katakon da ake gittawa, tare da masu kiwon da ke kula kada wata dabba ta faɗi a tattake ta. Har Zariya da Kaduna bai ji ya bar gida ba, harshe ɗaya ne, tuwo ɗaya, kiran salla ɗaya. Sai da suka biyo ta Tegina da Mokwa suka hau gadar Jaba, ya leƙa ya ga kogin Kwara, shi da bai san wani ruwa da ya wuce tafkin Madarunfa da gulbin Maraɗi mai ƙafewa da rani ba, sa'an nan zuciyarsa ta ba shi cewa ya shiga wata duniya. Daga Ilori ƙasa ta fara rufewa, gawo da aduwa da kalgo suka ɓace, kwakwar manja da ayaba da dogayen itatuwan da bai san sunansu ba suka tsaya a bakin hanya, har ya zama mutum ba ya iya hango nesa. Shi kuwa mutumin fili, wanda ya saba ganin hadari tun yana tafiyar yini daga gare shi, wannan rufewar ta sa masa ƙunci a ƙirji wanda ya daɗe bai rabu da shi ba.

Da asuba suka sauka. Kawun yana zaune a bakin rumfarsa kan tabarma, ga huhunan goro jere a bayansa an yayyafa musu ruwa, yana warware ɗaya yana fitar da waɗanda suka fara taɓuwa. Yaron ya tuɓe takalmi ya durƙusa ya ce, "Kawu, mun same ku lafiya?" Dattijon bai yi gaggawar amsawa ba sai da ya gama duban fuskarsa, sa'an nan ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi damina, ya aika aka karɓo shayi da burodin nan na Agege mai nauyi da laushi, kana ya ce, "To, ɗana, ga Ikko. Ka riƙe salla, ka riƙe aljihunka, kuma duk wanda ya tambaye ka, ka ce kai yaron gidan nan ne." Wannan kalma ta ƙarshe ita ce jigon zaman baƙo a kowane zango na kurmi. Masanin nan Abner Cohen, wanda ya yi nazarin Sabon Ibadan ya fitar da littafinsa a 1969, ya nuna yadda harkar goro da shanu gaba ɗaya ta rataya a wuyan maigida, mai ba baƙo masauki da abinci, mai tsaya masa a ciniki, mai lamunce shi in ya shiga rigima. Ɗalibi ma a wannan inuwa yake fakewa, ko da yake shi ba ya kawo wa maigida la'ada.

Jarrabawar farko ba a aji ya gamu da ita ba, a jikinsa ne. Ruwan da ke sauka a Ikko cikin shekara ya kai ninki uku na wanda Maraɗi ke samu, kuma ba a wata uku yake zuba ya wuce ba. Yakan fara tun wajen Afrilu, ya yi ƙarfi a Yuni da Yuli, ya ɗan sarara a Agusta, ya komo a Satumba da Oktoba. Zafin Maraɗi ya fi na Ikko a ma'auni, amma zafi ne busasshe, mutum ya shiga inuwar bedi ya sha ruwan randa ya samu sa'ida. Na bakin teku kuwa zafi ne mai laima, gumi ya fito ya ƙi bushewa, ƙuraje su feso a wuya da baya, dare ya yi iska ta tsaya cik a ɗakin da mutum shida ke kwance. Ya wanke rigarsa ya shanya, kwana biyu ba ta bushe ba, ta ɗauki wani wari. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne littattafansa: Risalar da ya gada daga kakansa, wadda ta yi shekaru aru-aru a cikin gafaka a ɗakin ƙasa ba abin da ya same ta, cikin wata biyu ya buɗe ta ya tarar fumfuna ta hau fatar, takardun sun yi laushi suna mannewa da juna. Wani tsohon malami na Zango ne ya koya masa ya riƙa fitar da su duk ranar da rana ta buɗe, ya jera a kan tabarma yana juya shafi, kuma kada ya sake ya jingina su da bango.

Sa'an nan zazzaɓi. A gida cizon sauro yana da lokacinsa, ƙarshen damina ne, in kaka ta yi hunturu ya busa sai a huta. A nan kuwa kwatoci ba su bushewa, sauro ba ya hutu, kuma ɗalibin da ke ƙirga kuɗin abincinsa yakan ga sayen gidan sauro da zuwa gwajin jini almubazzaranci ne, sai ya tsaya ga jiƙon da ya taho da shi da 'yan ƙwayoyin da mai tebur ya ƙirga masa. Ina ganin babu wata asara da ta kai wannan yawa cikin karatun waɗannan yara, domin kwanakin da suke yi a kwance a zangon farko su ne kwanakin da ake kafa tushen nahawu da sarfu, kuma wanda tushe ya kuɓuce masa, sauran shekarun da ɗingishi yake bin su. Hunturun ma da yake ɗokin zuwansa, a Ikko 'yan makonni ne tsakanin Disamba da Janairu, ƙura kaɗan da sanyin safiya. Mutanen gari suna kuka da shi, shi kuwa a lokacin ne kaɗai ya ji numfashinsa ya daidaita.

A aji kuwa sai ya tarar da wani abu da kawunsa bai faɗa masa ba, wataƙila domin shi ma bai sani ba. A azuzuwan farko malami yakan karanta Larabci, in ya ga fuskoki ba su waye ba sai ya juya ya yi sharhi da Yarabanci, ajin ya gyaɗa kai ko ya yi dariya, shi yana zaune bai san inda aka dosa ba. A waje Ingilishi ne da buroka, waɗanda Faransancinsa bai amfane shi da komai a kansu ba. Kwandastan danfo ya ƙwala sunan tasha cikin sauri, kafin ya gane an wuce da shi Oshodi. Amma a nan ne hikimar Ubangiji ta bayyana, domin rashin harshen da zai fake a bayansa ya tilasta masa abin da ya zo nema. Abokan ajinsa idan sun fita sukan koma Yarabanci, shi kuwa ba shi da abin da zai roƙi aron alƙalami da shi, ko ya tambayi darasin jiya, sai Larabcin nan da yake jin kunyar furtawa. Ya yi ta yi ana gyara masa, wata rana a yi masa dariya, har harshen ya saki. Su kuma suka gano cewa a fiƙihu da hardar Alƙur'ani ya yi musu nisa, sai aka shiga musaya, shi ya warware musu mas'alar ƙabli da ba'adi ko nisabin zakka, su su bi da shi i'irabi da insha'i. Da haka ya samu aboki na farko, wani yaro mutumin Iwo, wanda ya fara koya masa gaisuwar Yarabawa mai rassa da yawa, ta mai zaune da ta mai aiki da ta wanda ya dawo daga kasuwa.

Wannan abokin ne kuma ya kai shi gidansu ya sa masa amala da miyar ewedu da jan manja da barkonon da ya sa shi hawaye, shi da cikinsa ya saba da furar gero da tuwo da kwaɗon zogale. A cikin miyar akwai ƙaguwa da jatan lande, sai hannunsa ya tsaya. Ga shi kuwa ya karanta tun a gida cewa a mazhabar Imamu Malik ruwan teku mai tsarki ne mai tsarkakewa, kuma abin da ke rayuwa a cikinsa halal ne ba ya buƙatar yanka. Ya hardace hukuncin, ya ma taɓa biya wa ƙannensa, amma bai taɓa zaton ranar da hukuncin zai zo masa cikin kwano yana kallonsa ba. Da aka zo kan dodon koɗi, wanda Yarabawa ke girmama baƙo da shi, ya ce wannan kam ba zai iya ba. Abokin ya tuna masa cewa shi ma ya ga buhun soyayyar fara da aka aiko masa daga Maraɗi, kuma ko da kuɗi ba zai sa ta a baki ba. Suka kai maganar gaban malaminsu, ya nuna musu cewa malaman Malikiyya a babi guda suka ajiye su biyun, hukuncin dodon koɗi hukuncin fara ne. Ban san wani darasi da ya fi wannan koya wa ɗalibi bambancin abin da shari'a ta hana da abin da al'ada ta ƙyamata ba, kuma darasi ne da zai yi wuya ya same shi da ya zauna a inda kowa ke cin abin da yake ci.

Mai karatu zai yi zaton wanda ya zo Ikko ya ga teku a ranar da ya sauka. Ba haka abin yake ba. Agege tana can arewacin birnin, bayan Ikeja, kuma akwai mutanen Zango da suka yi shekaru ba su taka bakin ruwa ba, saboda ba abin da zai kai su. Shi ma sai da aka yi hutu suka yi karo-karo da abokai suka hau mota, suka bi ta gadar nan ta uku mai tsawon kusan kilomita 12, wadda aka kammala a 1990, ya hango gidajen Makoko tsaye kan turaku cikin ruwa, yara suna tuƙa kwalekwale, ya ɗauka tekun ke nan, aka ce masa wannan tafki ne kawai, tekun yana gaba. Tsohon bakin ruwan Bar Beach, inda a dā talaka ke zuwa kyauta, an cike shi da yashi ana gina sabon birni a kansa, saboda haka sai da suka ƙara gaba wajen Lekki suka biya kuɗin shiga. Ya ce abin da ya fara riskarsa ƙara ce, tun kafin ya ga ruwan. Sa'an nan da ya gan shi, ƙafafunsa suka ƙi matsawa, ya tsaya daga nesa yana kallon taguwa tana tasowa tana faɗuwa ba ta gajiya. Daga bisani ya matsa ya ɗebo da hannu ya ɗanɗana, ya tofar, ya yi alwala da shi domin ya aikata abin da ya karanta, suka yi la'asar a kan yashi.

Sha'anin addini ma sai da ya sake masa zama. Ya taso a inda kusan kowa musulmi ne, sai ga shi a ƙasar da za ka samu gida ɗaya uba liman ne, ƙanwarsa tana zuwa coci, kuma ranar Babbar Salla, wadda suke kira Ileya, dukansu suna zaune kan rago ɗaya. Ya ga mata cike da masallaci ranar Lahadi a taron asalatu, ya ga su ne ke riƙe da kasuwa, ya ga saurayi ya kwanta rub da ciki yana gai da mahaifinsa. Da fari ya yi saurin yanke hukunci cewa addinin mutanen nan da sauƙi-sauƙi yake, kamar yadda da yawa daga mutanenmu ke yi. Sai da ya san cewa ƙungiyar Ansaruddin, wadda aka kafa a 1923, ta daɗe tana gina makarantu a Ikko domin kada 'ya'yan musulmi su bar addininsu wajen neman boko, kuma masallacin Shitta-Bey tun 1894 yake tsaye, sa'an nan ya fahimci cewa wanda ya riƙe salla a inda ake ja-in-ja da shi kullum, riƙonsa ba abin rainawa ba ne. Wani abin da ya sosa masa rai shi ne ganin wata: sau da yawa Nijar takan riga Nijeriya da kwana ɗaya, sai mahaifiyarsa ta bugo waya tana yi masa barka da salla, yana jin hayaniyar gida a bayanta, shi kuwa yana ɗauke da azumi yana jiran sanarwar Sarkin Musulmi.

Batun abin masarufi shi ne wanda ya fi kayar da ɗalibai. Kaɗan ne ake aiko wa kuɗi daga gida. Sauran da yamma suke neman na kansu, wani ya taya mai shayi, wani yankan farce, wani turin ruwa, wani gadi da dare ya zo aji yana gyangyaɗi. Acaɓa ta daɗe tana rufa wa da yawa asiri, har gwamnatin jihar ta hana ta a manyan sassan birnin a 2020, ta kuma tsananta hanin a 2022. Shi namu ya yi sa'a, kawun ya sa shi rubuta lissafin bashi da zaɓen goro, kuma da gari ya san yana da karatu sai aka ba shi yaran maƙwabta yana biya musu allo bayan magariba. Faɗuwar darajar naira tun daga 2023 ta zo da fuska biyu, wanda ake aiko wa sefa ya samu sauƙi, wanda ke tara naira domin ya aika wa tsohuwarsa kuwa ya ga guminsa ya ƙanƙance a hannun ɗan canji.

Bayan wannan akwai fargabar da ba a cika furtawa ba. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan yankin damar shiga ƙasar maƙwabta ya yi kwana 90 ba tare da biza ba, amma ɗalibi shekaru yake yi, kuma da yawansu ba su da wata takarda sai katin ɗan ƙasa na gida. An rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Yamai na Yulin 2023, sa'an nan a Janairun 2025 ficewar Nijar daga ƙungiyar ta tabbata. Ko da yake an ce za a ci gaba da mutunta takardun tafiya, dattawan Zango ba su manta da korar baƙi ta 1983 ba. Ba su manta kuma da rikicin Ketu na 1999 da na Idi-Araba na 2002 ba, kuma sun san ranar da wuta ta tashi ba a tambayar wane ne ɗan Katsina wane ne ɗan Maraɗi. Shi ya sa nasiharsu ga sabon zuwa kullum ita ce ya tsaya cikin 'yan uwansa.

Nasihar tana da hujja, amma a nan nake da magana. Zango rahama ce ga baƙo, ba don shi ba da yawa ba za su kai wata guda ba. Sai dai na ga samarin da suka yi shekara biyar a Agege, tsakanin ɗaki da masallacin Hausawa da teburin mai shayi, suna sauraron labarin gida a rediyo, suka koma ba su iya gai da maƙwabcinsu Bayarabe da harshensa ba, kuma Larabcin da suka zo dominsa bai zauna a bakinsu ba, domin duk lokacin da ya yi musu nauyi akwai Hausa kusa da za su gudu gare ta. Magabata da suka sa rihla cikin sharuɗɗan kamalar ɗalibi ba tsawon hanya suke nufi ba, cuɗanya da malamai da mutanen da ba irinka ba suke nufi, da juriyar zama ƙarami a inda ba a san gidanku ba. Abin da ya ceci wannan yaro shi ne kawunsa, duk da bai yi karatu mai zurfi ba, da ya ga an shekara sai ya sallame shi daga kwana a gidansa, ya ce ya koma ɗakin da ɗaliban makarantar ke haya, ya riƙa zuwa gida ranar Juma'a kawai. Yaron ya ji zafin wannan hukunci a lokacin, har ya yi zaton korarsa aka yi.

Da attajiran Zango, waɗanda Allah ya buɗa wa ta hanyar goro da shanu da canji, za su haɗa kai da fadar Sarkin Hausawa da shugabannin 'yan Nijar mazauna Ikko su yi waƙafin gida ɗaya domin ɗaliban ilmi, a sa gidan sauro a kowane gado, a ɗauki malamin da zai ba sabon zuwa Yarabanci da Ingilishi na wata uku kafin ya shiga aji, a kuma samu mai tsaya musu wajen gyara takardun zama, da an rage yawan waɗanda ke zuwa da niyyar karatu su ƙare a turin baro. Kuɗin wannan bai kai abin da ake kashewa a bikin gida ɗaya na masu hali ba.

Yanzu yaron yana ajin sanawi, yana yi wa ƙananan ɗalibai bitar nahawu, kuma an taɓa tsayar da shi ya yi jawabin maraba da Larabci a gaban baƙi. Burinsa in ya karɓi shahada ya nemi gurbi a Azhar ko a Sayi. A hutun azumin da ya wuce ya je gida da ƙwaryar goro biyu ta kawunsa da kwalin littattafai, limamin garinsu ya ba shi wuri ya ja baƙi a tafsiri, kuma da zai dawo cikin Shawwal mahaifinsa ya haɗa shi da ƙanensa mai shekara 14, ya ce a sa shi a ajin farko.